Farin Hayaƙi a Bayan Jirgin Auta

SHAFI NA 19

Masu cika min waya da "ci gaba, ci gaba", ga shi nan. Ku karanta da hankalinku, ba don dariya kaɗai na zauna na rubuta ba.

Mai Tirela bai saba dawowa gida da hantsi ba. Ranar kayan da zai ɗauka ne ba su iso ba, sai ya cire bodi ya bar ta a gareji, ya taho da kan motar kaɗai, ya ajiye a ƙofar gida ya shiga.

Ya yi sallama, shiru. Ya sake yi, shiru.

A falo ya same su. Umma matarsa, da Babba ɗansa na fari mai kemis, da Gwaggo yayarsa, sun haɗa kai a kan waya ɗaya kamar masu jin ɗumin wuta.

"Yau kuma gidan kurame na shigo?"

Babba ya miƙe zumbur, ya kai wayar bayansa.

"Baba! Sannu da zuwa. Ba ka tafi ba?"

"Na tafi mana, fatalwata ce kake gani. Me kuke kallo?"

"Ba komai," su uku suka faɗa a tare.

Duk gidan da mutum uku suka haɗa baki suka ce ba komai, to akwai komai. Mai Tirela ya miƙa hannu.

"Kawo."

Taswira ce a fuskar wayar. A tsakiyarta wani ɗan jirgi ruwan ɗorawa, bai kai ƙuda ba, yana rarrafe a hankali yana jan layi a bayansa. Mai Tirela ya saki wayar a kan kujera kamar ta ƙona shi.

Kowa a gidan ya san dalili. Yana matashin direba aka taɓa ɗaukar hayar motarsa ta kwaso ɓaraguzan wani jirgi da ya faɗi a daji. Da hannunsa ya ɗaure kujerun da igiya. A tsakanin kujeru biyu ya tsinci takalmin yarinya ƙafa ɗaya, da maɗaurinsa a ɗaure. Tun daga ranar ko ƙarar jirgi ya ji a sama sai ya sunkuyar da kai. Da 'ya'yansa suka yi wayo ya tara su ya ce duk wanda ya taka jirgi a cikinsu, ya nemi wani uban. Ko aikin da 'yarsa Auta ta samu a filin jirgi bai yarda ba sai da aka tabbatar masa a kanta take zaune tana duba tikiti, ƙafarta biyu a ƙasa.

"Wa ya kawo min wannan abin cikin gida?"

Babba ne ya amsa.

"Manhaja ce kawai, Baba, ta bin jirage. Kayan kemis na yi oda, nake duba inda suke."

"Kayan kemis."

"E, Baba."

"Saboda maganin tari uwarka take jan carbi har yatsunta na rawa? Saboda maganin tari Yaya ta baro gidanta da takalmi daban-daban?"

Gwaggo ta dubi ƙafafunta, ta ja su ƙarƙashin kujera. Daga nan idonta ya sauka kan wayar, ta ƙura mata ido.

"Babba."

"Na'am, Gwaggo."

"Ina ɗan jirgin?"

Babba ya fizgi wayar. Ya ja taswirar sama, ya ja ta ƙasa, ya buɗe ta da yatsu biyu. Layin yana nan, ya tafi ya tafi ya tsaya cak. Jirgin babu shi.

Carbin Umma ya faɗi ƙasa.

"Auta! Wayyo 'yata! Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Mai Tirela ya juyo a hankali ya dubi matarsa.

"Me kika ce?"

Umma ta toshe bakinta da mayafi.

"Auta tana cikin wannan abin?"

Umma ta kawar da kai.

"Ina tambaya! Wa ya saya mata tikiti? Fasinjan ina ce?"

Gwaggo ce ta fashe, da ma cikinta ba ya riƙe magana.

"Wane irin fasinja kuma? Ita ke tuƙa shi!"

"Gwaggo!" in ji Babba.

"To ƙarya na yi? Yarinya ta ɓace a sama kuna nan kuna ɓoye-ɓoye!"

Mai Tirela ya dafa bango. Babba ya matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Mataimakiyar matuƙi ce, Baba. Kwas ɗin nan da ta tafi, ba na aikin kanta ba ne, na tuƙi ne. Ta ci duk jarrabawarta. Yau ce ranar farko da ta ɗauki fasinja."

Uban ya ciro wayarsa, wadda ya ɗaure murfinta da roba, ya danna lambar Auta. A kashe. Ya sake dannawa. A kashe.

"Baba, dole ta kashe waya, doka ce. Kuma ɓacewar nan ba komai ba ce, wallahi. Manhajar da na'urorin ƙasa take ji, in jirgi ya bi ta inda babu su sai ya ɓace a waya. Masu hasumiyar filin jirgi suna ganinsa, suna magana da su."

"Ka gama?"

"Baba, ka saurare ni."

"Ni za ka koya wa abin da waya a kashe take nufi? Ka san direba nawa na kira na ji a kashe, washegari na je na kwaso shi a rami?"

A nan fa halin direbobi ya motsa masa. A sana'arsu, in ɗan'uwa ya yi shiru a hanya, ba a zama ana kuka. Waɗanda ke kan hanyar ake kira ɗaya bayan ɗaya, wa ya gan shi, a ina, da wane lokaci, har a gano inda ya tsaya.

"Nuna min inda layin ya yanke."

Babba ya nuna. Mai Tirela ya ƙanƙance ido, ya bi hanyar da ke ƙarƙashin layin da farcensa.

"Bayan babbar gada ke nan, kafin duwatsu. Direbanmu Dogo yana can tun jiya, taya ta fashe masa."

Ya kira, ya buɗe murya kowa na ji.

"Dogo!"

"Oga, ranka ya daɗe! Wallahi tayar nan ta..."

"Bar zancen taya. Fito ka duba sama."

"Sama kuma? Oga, ina ƙarƙashin mota fa."

"Fito na ce! Ka ga jirgi?"

Aka ji gurnani da ƙarar sifana ta faɗi.

"Oga, ni dai shaho biyu nake gani. Lafiya? Ko ka sayi jirgi ne ba mu sani ba?"

"'Yata ce a ciki."

Dariyar Dogo ta yanke nan take.

"Bari in kira Mai Tanka, yana gabana. Zan sa a guruf kowa ya ɗaga kai."

Kafin Umma ta gama tsince carbinta, duk direban da ke kan hanyar nan ya sauka gefe yana kallon sama da hannu a goshi. Waya ta yi ƙara, Mai Tanka ne, yana haki.

"Oga, na gan shi! Wallahi na gan shi da idona!"

"Alhamdulillahi!" in ji Umma.

"Yana tafiya?"

"Yana tafiya, amma ya juyo, gida ya nufa. Kuma Oga..."

"Faɗi mana!"

"Hayaƙi yake fitarwa. Fari tas, layi biyu, dogo har ba a ganin ƙarshensa."

Mai Tirela ya ɗora hannu a ka.

"Fari? Ka tabbata ba baƙi ba?"

"Fari kamar auduga."

"Gasket! Gasket ya ƙone, injin ya sha ruwa!"

"Abin da na ce ke nan, Oga. Kuma duka injin biyun ne."

Babba ya kama hannun ubansa.

"Baba, don Allah! Kowane jirgi yana barin farin layin nan in ya yi sama sosai. Tururi ne, sanyin can ne yake daskarar da shi. Ba gasket ba ne!"

"Kai ka taɓa buɗe inji? In ba komai, me ya juyo da shi?"

Babba ya koma kallon wayar.

Mai Tirela ya fita da gudu. Ya jawo sarƙar jan mota daga bayan ƙofa, ya ɗauki akwatin sifanu, ya cika jarka biyu a famfo, ya jefa su bayan kan motar.

"Baba, sarƙa kuma? Jirgin za ka ja?"

"Shiga mota ko in bar ka!"

Suka cusa kansu a gaba su huɗu. Gwaggo sai da aka turo ta daga baya kafin ta hau. Ko kwanar layin ba su sha ba wayar Umma ta fara ruri. Ƙanwarta ce tana kuka, wai Allah Ya ji ƙan Auta. Ta kashe, wata ta shigo, wai yaushe za a zauna karɓar gaisuwa.

"Wa ya gaya musu?" in ji Umma.

Gwaggo ta juya fuska waje.

"Ni dai saƙon murya ɗaya na tura a guruf ɗin dangi, na ce a taya mu da addu'a."

"Me kika ce a ciki, Gwaggo?" in ji Babba.

"Na ce jirgin ya ɓace. To kuka ne ya ci ƙarfina, na ƙara da cewa yarinyar kirki ce."

Bari in tsaya nan in faɗa muku gaskiya, ko za ku ji haushi. Da yawanku Gwaggo ne. Ba ku gani ba, ba ku tabbatar ba, yatsa yana rawa ya riga kowa turawa. Kuna kashe mutum yana raye, kuna sa uwarsa ta karɓi gaisuwarsa a waya. Ba tausayi ba ne wannan, son a ce kai ka fara ji ne. A daina.

Kan tirela in babu bodi tsalle yake kamar ɗan akuya. Mai Tirela ya danna hon, masu babur suka watse. Idonsa a kan hanya ya yi magana.

"Tun yaushe?"

Umma ta san da ita yake.

"Tun kafin ta tafi kwas."

"Kina kwana kina tashi da ni, kina zuba min abinci, kina ce min tana kanta."

"Na yi laifi, Baban Babba. Ban musa ba."

"Kin san rantsuwata."

"Na sani. Kuma na san 'yarka. Da na hana ta, da ta zauna, amma da ta bushe a zaune kamar itace."

"Gara ta bushe a gabana da in je in tsinci takalminta!"

Gwaggo ta fara sheshsheƙa. Umma kuwa ta share idonta, ta gyara zama, ta dube shi sosai.

"To ni fa? Tun ina amarya kake fita da wannan ƙarfen. Ba waya a lokacin, ba taswira, ba ɗan jirgi da zan kalla. In ka tafi sai dai in ji ƙarar mota a layi in leƙa. Abokanka nawa aka kawo a rufe? Ka taɓa jin na ce ka bar hanya ko ka nemi wata matar?"

"Hanya daban."

"Da me ta bambanta? Jirgi ɗaya ka kwaso a rayuwarka. Motoci nawa ka kwaso?"

Ya canja giya da ƙarfi har motar ta yi ƙara.

Ba ina wanke Umma ba ne. Ɓoye wa maigida abu irin wannan laifi ne, ko da kyakkyawar niyya, kuma ga ranar da ya haifar. Amma tambayarta tana nan, ba ta da amsa.

"Kuma wa ya koya mata?" Umma ta ci gaba. "Wa yake ɗora ta a cinya tana riƙe sitiyari tun ba ta iya magana ba? Ka san abin da ta ce min? Kafin su tashi sai ɗayansu ya zagaya jirgin da ƙafa, ya duba tayoyi, ya leƙa ƙarƙashi ko wani abu na ɗiga. Ta ce duk sanda ta yi zagayen nan kai take gani da asuba, kana buga tayoyi da sanda."

Mai Tirela ya goge fuska da hannun riga. Ya ce gumi ne, ko da yake ba wanda ya tambaye shi.

"Ya dawo!" Babba ya yi ihu har wayar ta kusa faɗuwa. "Baba, ga shi! Ga ɗan jirgin!"

Gwaggo ta rangaɗa kabbara a kunnen direba.

"Yana ina?"

"Ya kusa gari. Amma..."

"Amma me? Ku mutanen nan da amma!"

"Zagaye yake yi. Ya zana ƙawanya, ga shi yana sake wata."

"Birki ya ƙi," in ji Mai Tirela. "Haka muke yi, ka yi ta zagaye har mota ta gaji."

"Layi yake jira, Baba! Sai an ba shi izini zai sauka!"

A ƙofar filin jirgi mai gadi ya ɗaga hannu tun daga nesa, babu inda kan tirela zai shiga da sarƙa tana lilo a bayansa. Mai Tirela bai tsaya jayayya ba. Ya karya sitiyari ya bi hanyar da ta zagaya bayan shinge, inda jirage ke wucewa dab da kan mutum, wurin da bai taɓa yarda ya bi ba ko da kaya sun biya ta nan. Ya taka birki, ya diro, ya kama wayar shingen da hannu biyu.

"Wanne ne?"

Babba ya dubi waya, ya dubi sama.

"Ya bar zagaye. Ya miƙe. Wancan ne, Baba, mai fitila!"

Wani ɗigon haske ne, ya girma ya zama tsuntsu, ya girma ya zama gida mai fukafukai. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana sunkuyar da kai in ya ji ƙarar nan, yau ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi bai sani ba.

"Babu hayaƙi," ya ce. "Babba, babu hayaƙi! Tayoyin sun fito, duka sun fito!"

Ƙarar ta cika duniya, inuwar ta share su ta wuce.

"A hankali, 'yar nan! Daidaita shi! Kar ki taka birki da ƙarfi, bi shi a hankali! Haka! Haka!"

Tayoyin baya suka taɓa kwalta, ɗan hayaƙi ya tashi ya baje. Hancin ya sauko ya zauna lafiya lau. Jirgin ya yi gudu, ya rage, ya rage, ya juya a natse kamar motar da aka shigar gareji.

Umma ta durƙusa a ƙasa tana hamdala. Gwaggo ta rungume Babba tana cewa da ma ita ta san ba abin da zai faru. Mai Tirela ya koma da baya ya zauna a kan matakalar mota. Wayarsa tana ta ƙara, Dogo ne, Mai Tanka ne, duk direbobin hanya. Bai ɗaga ba.

An jima wayar Umma ta yi ƙara. Ta duba, ta ga Auta ce, ta dubi mijinta. Ya miƙa hannu. Ta yi jim, ta ba shi. Ya danna, ya buɗe murya, bai ce uffan ba.

"Umma! Umma, mun dawo! Hadari ne ya rufe filin can, Kyaftin ya ce ba za mu gwada sa'a da rayukan mutane ba, muka juyo. Kuma kin san me? Ni ya bar wa saukarwa! Ni na sauke shi da hannuna, ko girgiza bai yi ba! Umma, wai me ya sa wayata ta cika da saƙon ta'aziyya? Wa ya rasu?"

Gwaggo ta ɓuya a bayan Babba.

"Umma, kina jina? Baba dai bai sani ba ko?"

Mai Tirela ya dubi sarƙar da ya ɗauko, ya dubi jarkokin ruwa, ya dubi wutsiyar jirgin da ke leƙowa ta bayan gini.

"Ya sani."



"Ba... Baba?"

"Ina bayan shinge, ni da motata. Ki fito ki same ni."

"Baba, don Allah ka tsaya in yi maka bayani, wallahi ni..."

"Ban tambaye ki bayani ba."

Umma ta kama gefen rigarsa, ya zame. Ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya kaɗe ƙurar, ya kafa ta a kai.

"Kuma Auta."

"Na'am, Baba."

"Kar ki kuskura ki canja kaya. Da kayan tuƙin za ki zo min, har hular."

Ya kashe wayar.